Bakwaini: a ƙara wa nonon uwa madarar gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na haihu a wata bakwai, 'yar kilo 1.3, tana kwalba a asibiti nan Jos. Ana zuba wani gari mai tsada a nonon da nake tatsa. Surukata ta ce nonona ne ya tsinke, in riƙa sa madarar gari da gulukos kawai. Hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, barka da arziki, Allah ya raya. Nononki lafiyarsa ƙalau. A watanni ukun ƙarshe na ciki ne jariri ke tara yawancin kalsiyam da fosfaras na ƙashinsa, 'yarki kuwa ta fito kafin ta gama. Shi ya sa wanda bai kai kilo 1.5 ba ake ƙara masa wannan garin na asibiti a nono, don cike giɓin. Akan fara idan shansa ya kai kusan mililita (mil) 100 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen mil 130 a wurinta. Wani garin leda ɗaya a mil 25 na nono ne, wani a mil 50, kuma dab da bayarwa ake haɗawa. Muna son ta riƙa ƙara giram 15 zuwa 20 a kowane kilo kullum.

Maganar surukarki kuma, don Allah kada ki yi. Wannan abu ya ishe mu. Mai kemis ya miƙo gulukos, maƙwabciya ta ce a ɗiga zuma, wata ta ce cokalin madara "don ya ji ƙarfi". Wane ƙarfi? Hanjin bakwaini bai nuna ba. Nono ya yi kauri fiye da kima, sai ya ja ruwa cikin hanjin, ya ƙara haɗarin ruɓewarsa. Madarar gari ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinta duka ba. Gulukos zaƙi ne zalla, babu abin gina ƙashi ko tsoka. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai shekara ba, tana iya shanye masa jiki. Cokalin shayi kuma ba ma'auni ba ne.

Idan kuɗi ne matsalar, ki gaya wa likitanta kai tsaye, ya tsara mafita da awo. Ki tatsa aƙalla sau 8 a yini har da dare, ki tatse ƙarƙaf, don na ƙarshen ya fi maiƙo. In an ba ki dama, ki rungume ta a ƙirji, jiki da jiki, musamman a sanyin Jos.

Ciki ya kumbura yana sheƙi, ko koren amai, ko jini a kashi, ki kira nas nan take kafin a sake ba ta komai.