Amsa ga mai neman gidan mahaifinsa a Bangui

Assalamu alaikum. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya baro gida a unguwar Miskine ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 2014, ya rasu a Garwa-Bulai, garin Kamaru da ke bakin iyaka, yanzu kana son komawa Bangui ka karɓi gidan amma an ce wani na ciki. Wallahi ciwonka shi ne nawa.

Ni ma ɗan Miskine ne, shagona na atamfa yana kasuwar PK5, unguwar Musulmi a Bangui. Bayan harin da mayaƙan anti-balaka, masu farautar Musulmi, suka kai Bangui ranar 5 ga Disamba 2013 muka kwashe yara muka fake kusa da babban masallaci, daga baya muka bi ayarin manyan motoci zuwa Kamaru. Makullin gidana da hannuna na ba maƙwabcina amana. Shekara 14 katanga ɗaya ta raba mu. Naman layyata bai taɓa wuce shi ba, daren da matarsa ta tashi haihuwa a motata aka kai ta asibiti. Da na koma a 2016, bayan an zaɓi Touadéra shugaban ƙasa, na buga ƙofata, shi ya buɗe. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce min da yaren Sango wai ni baƙo ne, in koma Cadi. Ni da aka binne cibiyata a Bangui, ban taɓa taka Cadi ba! Ta bayansa na hango tabarmar sallata an baza rogo a kai ana shanya. Kwanon ɗaki biyu an kware an sayar. Mangwaron da mahaifiyata ta dasa an sare. Na tsaya a rana kamar mai bara, yaransa da na sha saya wa alewa suna leƙena. Har yau in na tuna, abinci ba ya shiga.

Don Allah kada ka tunkari ƙofar nan kai kaɗai. Fara da mai unguwa. Ka tono jakar mahaifinka, ko guntuwar takardar cinikin fili ce mai sa hannun shaidu, ka ɗauki hotonta ka bar ta asali wurin mahaifiyarka. Ka nemi tsofaffin maƙwabta, kuma kada ka ce sai Musulmi. Wata tsohuwa Kirista ce ta miƙe gaban mai unguwa ta rantse gidana ne, alhali wasu namu sun noƙe. Allah ya saka mata.

Kana da katin ɗan ƙasa? Mai suna irin namu na Musulmi sai an nemi takardar haihuwar uba da ta uwa, ni wata biyar ina zarya. Ba kati, kowane shinge daga Beloko a bakin iyaka, Bouar, Yaloké har PK12 a mashigar Bangui sai ka sauke sefa, tafiyar kuwa kusan kilomita 600 ce. Ka tambayi direbobi halin hanya kafin ka tashi, ka dai tuna yadda 'yan tawayen CPC suka toshe ta ƙarshen 2020, motoci suka yi makonni jibge a iyaka.

Za a samu masu ce maka ka ba samari masu bindiga kuɗi su fitar da mutumin. Kul! Mun ga abin da ya faru a Disamba 2019 tsakanin 'yan kasuwar PK5 da masu kiran kansu 'yan tsaron unguwa a kan harajin dole, gawarwaki muka kwasa.

Ni shekara uku na yi, ƙarshe sai da na biya shi kuɗi wai na gadi kafin ya fita. Na biya ina hawaye. Iyalina har yanzu sun ƙi kwana a gidan, haya na ba da shi. Wace takarda ce a hannunka yanzu, kuma ku nawa ne magada?