Magen da ba ta fita waje, sai an sa mata abin wuya?

Hajiya, kin ce magenki ba ta taɓa sauka daga bene ba a nan Jidda, to me za ta yi da abin wuya? Ni dai shawarata ki sa mata. Ƙofa ɗaya mai kawo gas zai bari a buɗe, shi ke nan ta fice. Kin kuma san yadda maguna suka cika lungunan garin nan; in ba alama a wuyanta, mai gadin gida ma korarta zai yi, yana zaton 'yar titi ce.

Amma don Allah kar ki ɗaura mata zare ko igiya. Ki nemi irin wanda ke ɓallewa da kansa in ya maƙale a ƙarfen taga, don kar ya shaƙe ta. Ki bar sararin da yatsu biyu za su shiga. Lambar wayarki kawai ki rubuta a jiki.

Tunda yana iya ɓallewa, ki kai ta wurin likitan dabbobi ya sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu. Girmanta kamar ƙwayar shinkafa, tana ɗauke da lambobi 15. Ba ta nuna inda mage take, sai an tsince ta an duba da na'ura, don haka ki tabbata an yi rajistar lambar da sunanki.