Amsa: Shin yawan kilomita aibi ne ga motar sha'awa?

Malam, ka tambaya ko ya kamata ka guji tsohuwar Mercedes ko BMW ta sha'awa don ta haura kilomita 200,000. Yawan kilomita yana rage farashinta ranar sayarwa, amma ba shi ne ma'aunin lafiyarta ba, kulawar da ta samu ta fi shi muhimmanci.

A nan Legas mota takan shafe sa'o'i cikin cunkoson hanyar Ikorodu, injinta na aiki cikin zafi alhali lambar ba ta motsawa, balle tokumbo da wasu dillalai ke mayar wa lamba baya. Sharaɗina shi ne amintaccen makanikenka ya duba inji, giya, tsatsar ƙarƙashinta da alamun shigar ruwa kafin ka biya.