Tambaya da Amsa: Ko waya za ta iya raba gonar gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona a wajen Dakace, kusa da Zariya, mu bakwai. Ƙanena ɗan jami'a ya ce ba sai mun ɓata kuɗi wajen 'yan safiyo ba, wai zai zagaya gonar da wayarsa ya fitar da girmanta mu raba. Ga kuma maƙwabcinmu na gabas, muna zargin duk damina sai ya ci mana kunya ɗaya ko biyu. Awon waya ya wadatar? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu ƙarshen. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa muku.

Wayar tana sauraren saƙon taurarin ɗan'adam ne, irin na GPS, ta lissafa inda mai riƙe da ita yake tsaye. A fili fetal takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. A ƙarƙashin mangwaro ko jikin katanga ya fi haka. In gonar babba ce, kuma abin da kuke nema ku san buhun taki nawa za ku saya, wannan awon ya isa, har ma ina ƙarfafa muku gwiwa. Shawarwarin da masana na cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru ke bayarwa a kan hekta ake gina su, hekta kuwa murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. Manoma da yawa ba su san girman gonarsu ba sai dai a ce "ta buhu ashirin ce".

Rabon gado kuwa wani abu ne daban. Fulotin da muka saba, ƙafa 50 a 100, kusan mita 15 a 30 ne. To a cire mita 5 daga faɗin mita 15, ai an ɗauke sulusin haƙƙin wani. Dakace kuma yanzu gari yana cinye ta, gonar yau ita ce fulotin gobe, kuma 'ya'yanku ne za su tsaya a gaban alƙali a kan abin da kuka yi da ganganci. Na'urar da mu 'yan safiyo muke aiki da ita guda biyu ce: ɗaya a kafe a wurin da aka riga aka san lambobinsa na taswira, ɗayar muna yawo da ita, ta farkon tana gyara wa ta biyun lissafi. Kuskurenta 'yan santimita ne. Ku nemi ɗan safiyo mai rajista da SURCON, hukumar 'yan safiyo ta ƙasa, ya kafa muku turakun siminti a gaban dagaci da maƙwabta duka huɗun.

Wani tarkon kuma, in Baba ya bar tsohuwar takardar safiyo, kada ƙanen naka ya juya lambobinta ya zuba a Google Maps kai tsaye. Tsofaffin takardunmu a kan ma'aunin taswira da ake kira Minna aka zana su, waya kuwa da ma'aunin duniya mai suna WGS84 take aiki. Tsakaninsu akwai tazarar gomman mita. Na sha ganin mutum ya zo ransa a ɓace, waya ta nuna masa filinsa a tsakar gidan wani, alhali ba wanda ya taɓa masa ko taku ɗaya.

Batun maƙwabci, a nan ne ɗan jami'ar zai yi muku rana. Ya buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hoton ƙasa daga sama, a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya. Ku duba inda layin gamba ko shingen bini-da-zugu yake a da, da inda yake yau. In ya matsa, ido zai gani. Amma hoton kan ɗan karkace, don haka ku kai shi gaban dattawa a matsayin abin tuni, ba hukunci ba. Sau da yawa da mutum ya ga akwai hoton, sai kunyoyin su koma da kansu.

In an gama rabo kowa ya nemi takardarsa a KADGIS, hukumar filaye da Jihar Kaduna ta kafa zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i. Dokar filaye ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, saboda haka takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, ba ita ce shaidar mallaka ba. Aikin hukumar shi ne ainihin abin da ake kira GIS: taswira ce da aka liƙa wa kowane fili sunan mai shi da lambarsa, ta yadda in wani ya kawo takarda a kan filin da ya riga ya shiga, zanen biyun za su hau kan juna a allon kwamfuta.

Tambaya: An yi mini tayin fuloti mai araha kusa da rafin Kubanni. Dillali ya rantse ruwa bai taɓa zuwa wurin ba. Daga wani malamin makaranta a Samaru.

Amsa: Malam, a watan Maris kowane fili tudu ne. Ka buɗe hotunan shekarun baya kamar yadda na faɗa a sama. In wurin yana kore shar da rani alhali kewayensa ya bushe, ko ka ga alamar kwamin lambu, fadama ce aka yanka. Google Earth na nuna tsayin ƙasa a gefen allo, ka kwatanta na filin da na bakin rafi, duk da cewa lambar kintace ce. Sannan ka daure ka je da ƙafarka a watan Agusta, ka dubi gindin katangun maƙwabta. Ruwa yana barin zane.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta daga gida a cikin birni, wajen Kwarbai. Kullum 'yan acaɓa sai sun ɓata, katina ya ƙare wajen kwatance. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, lungunan birni sun girmi taswira, da yawansu ma ba su fito a cikinta ba. Ki ba yaro wayar ya fita ƙofar zaure, don rufin kwano yana rikita ta. Ya jira ɗigon shuɗin nan na Google Maps ya natsu, ya danna wurin ya riƙe, sai lambobi biyu su fito. Na Zariya sukan fara da 11 da kuma 7. Ki adana su, duk mai zuwa ki tura masa ta WhatsApp, ki haɗa da sunan masallaci ko shagon da ke bakin lungun. Ni dai shawarata, kada ki sa gidan aure a taswirar da kowa ke gani. Ki ba da lambobin bakin titi, yaro ya tarye su a can.