Shin rufin gareji na katako zai ɗauki farantan sola?

Tambaya: Ina da gareji a gidana a Gusau, rufinsa katako ne da kwano, kuma ya kai shekara 8 da ginawa. Ina son ɗora farantan sola 6 masu wat 550 a kansa, amma ina tsoron kada nauyinsu ya karya rufin. Mece ce shawara?

Amsa: Malam, nauyin da kake tsoro shi ne mafi sauƙi a cikin wannan lamari. Farantin sola mai wat 550 yakan kai kilo 27 zuwa 29, saboda haka guda 6 tare da ƙarafan da za a ɗaure su a kai ba za su wuce kilo 200 da yawa ba, kwatankwacin buhu 4 na siminti. Wannan nauyi kuma zai bazu ne a kan fili mai faɗin murabba'in mita 15 ko 16, wato kusan kilo 13 a kan kowane murabba'in mita. Rufin da kafinta ya yi da lafiyayyen katako mai inci 2 da 4, wanda raftocinsa ba su yi nisa da juna ba, yana ɗaukar haka ba tare da ya lanƙwashe ba.

Abin da ya fi damuna shi ne iskar farkon damina, wadda duk mazaunin Zamfara ya san yadda take yaye kwano a watannin Mayu da Yuni. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, kuma gareji ya fi ɗaki fuskantar wannan haɗari domin ƙofarsa mai faɗi ce, wani ma gefensa a buɗe yake, sai iskar ta shiga ta tunkuɗo kwanon daga ƙasa. Idan aka ɗaure faranti a jikin kwano kawai, kamar yadda wasu masu haɗa sola suke yi don su gama aiki da wuri, to ƙarfin iskar gaba ɗaya zai koma kan ƙusoshin kwanon. Dole ne ƙarafan ɗaurin su ratsa kwano su kama rafta da noti ko dogon sukuru, a sa roba a toshe kowace huda saboda yoyo. Sannan a duba yadda katakon kansa yake riƙe da bango: idan ɗora shi kawai aka yi ba a ɗaure shi da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin linta ba, a gyara wannan kafin a sayi ko faranti ɗaya. A kuma bar tazarar kamar rabin mita tsakanin farantan da bakin rufi, domin a nan iska ta fi fizga.

Sai batun gara. Katakon shekara 8 yana iya zama lafiya a ido alhali cikinsa ya zama gari, musamman farin katako mai arha da ba a shafa masa magani ba. Ka sa kafinta ya soka sukundireba a inda rafta ta haɗu da bango da kuma ƙarƙashin duk inda aka taɓa yin yoyo. Idan ta nutse cikin sauƙi, a canza wannan katako. Ka tsaya daga nesa ka dubi layin rufin, domin in ya yi ciki a tsakiya, yana buƙatar ƙarin rafta ko tokara.

Ka tuna kuma cewa ƙurar hunturu za ta sa a riƙa wanke farantan akai-akai, kuma mai hawa wankin nauyinsa a wuri ɗaya yake sauka, don haka gara a jera su inda doguwar sanda mai tsumma za ta kai daga kan tsani. A fuskantar da su kudu da karkata ta digiri 10 zuwa 15, a bar sarari na kamar santimita 10 a ƙarƙashinsu don iska ta rage musu zafin bazara. Idan binciken ya nuna katakon ya gaji, a ganina kafa firam na ƙarfe a tsakar gida ya fi sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali a kan sake rufin gaba ɗaya.