Tambayoyinku: Wai Masana Sun Ɓata Mana Dainaso?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin sakandare ne, tun ina ƙarami nake son labarin dainaso. Kwanan baya na nuna wa abokaina sabon zanen Belosirafta, jikinsa duk gashi irin na tsuntsu. Sai suka kwashe da dariya, wai wannan ai kaza ce, masana sun ɓata shi, na fim ya fi. Ɗayansu ma ya ce tunda kullum zanen sauyawa yake, to masanan ƙirƙira kawai suke yi. Sannan kullum musunmu ɗaya ne: Tiranosoras da Sifinosoras, wa zai kashe wani? Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ta ƙarshen ba ta da wuya: ba su taɓa haɗuwa ba. Sifinosoras ya rayu a Arewacin Afirka kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce. Tiranosoras kuwa a yammacin Arewacin Amurka ya rayu, tsakanin shekara miliyan 68 zuwa 66. Ga teku a tsakaninsu, ga kusan shekara miliyan 30. Duk wanda ya ba ku sunan gwani a wannan faɗa, son ransa ya faɗa muku.

Maganar gashin ce ta fi damuna, domin na daɗe ina jin ta, har daga bakin manya.

Belosirafta na gaskiya ƙarami ne. A hamadar Gobi ta Mongoliya aka tono shi a 1923. Daga baki zuwa ƙarshen jela bai wuce mita 2 ba, kusan rabin wannan ma jela ce, nauyinsa kuma kimanin kilo 15. Wancan ƙaton da kuke gani a fim, mai tsayin mutum, an gina shi ne a kan wani ɗan'uwansa da ya fi shi girma, wanda aka tono a Amurka, sannan aka ƙara masa kumari don ya tsorata 'yan kallo. Gashin kuma ba ra'ayin mai zane ba ne. A 1996 aka bayyana wani ƙaramin dainaso daga lardin Liyawnin na ƙasar Sin, sawun gashinsa kwance raɗau a jikin dutse. Bayansa aka yi ta tono wasu a wannan yanki. A 2007 kuma masana suka duba ƙashin hannun Belosirafta kansa, suka ga ƙananan ƙullutai shida a jere, irin waɗanda manyan gashin fiffike ke kamawa a ƙashin tsuntsayen yau. Gani ya kori ji.

Ka tambayi abokanka ko gashi ya taɓa rage wa gaggafa kwarjini. Ka kuma ba su labarin abin da aka tono a Mongoliya a 1971: Belosirafta da wani mai cin ganye da ake kira Furotoseratof, yashi ya binne su suna tsakiyar kokawa. Ƙumbar ƙafar Belosirafta na daidai wuyan abokin faɗansa, shi kuma ya datse masa hannu da baki. Haka suka zauna fiye da shekara miliyan 70. Wannan mai gashin da suke kira kaza, shi ne a cikin dutsen.

Yanzu ga abokinka mai cewa ƙirƙira ake yi. Tambayarsa tana da kyau, hukuncin da ya yanke ne bai yi ba, kuma Sifinosoras ɗin da kuke musu a kansa ya isa amsa. Wani Bajamushe, Ernst Stromer, shi ya bayyana shi a 1915 daga ƙasusuwan da aka samo a Bahariyya ta Masar: ɓangaren muƙamuƙi, haƙora, da dogayen ƙayoyin baya waɗanda wasunsu suka haura mita ɗaya da rabi. Aka ajiye su a gidan tarihi a birnin Munik. A watan Afrilun 1944 jiragen yaƙi suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ƙasusuwan suka halaka. Shekaru da dama ba abin da ya rage sai zane da bayanin da Stromer ya bari. Masu zane suka cike giɓin da surar sauran manyan masu cin nama, wato dogayen ƙafafu da tsayuwa irin ta Tiranosoras. Wannan surar ce yara suka taso da ita.

A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fito da sababbin ƙasusuwa daga yankin Kem Kem na Maroko. Sai ga ƙafafun baya gajeru, ƙasusuwan kuma a cushe irin na dabbobin da ke yawan zama cikin ruwa. A 2020 suka nuna jelarsa, doguwa mai faɗi daga sama zuwa ƙasa. Har yau masana na jayayya kan ko yana nutso ya bi kifi ne, ko kuwa bakin ruwa yake tsayawa ya cafko. Zanen bai sauya don wani ya ga dama ba. Ƙashi ne ya fito daga ƙasa, dole zane ya bi shi. Da a ce ƙirƙira suke, me zai sa su wahalar da kansu suna rushe abin da suka faɗa jiya?

Abin da ke ba ni takaici shi ne fushin da wasu masoya suka yi a lokacin, suna cewa an raunana musu gwaninsu. Wanda ya ji haushin an gano gaskiyar dabba, hoton da ke kansa yake so, ba dabbar ba. Waɗannan halittu ba dodanni ba ne da aka yi don su burge mu. Dabbobi ne. Sun yi barci, sun yi ciwo, sun nemi ruwa, sun yi sheƙa. A hamadar Gobi ɗin nan an samu wata dainaso zaune a kan ƙwayayenta, hannuwanta a baje a kansu, ta mutu a haka. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar akwai Nijarsoras, wanda Paul Sereno da tawagarsa suka raɗa wa suna a 1999: mai cin tsirrai ne, bakinsa mai faɗi, haƙoransa sama da 500, suna zubewa sababbi na maye gurbinsu cikin 'yan makonni. Ni a ganina wannan ya fi kowane faɗan fim ban mamaki, amma da yake ba ya cizon kowa, ba ka cika jin sunansa a bakin masoya ba.

Sai dai ka yi hattara, ɗana, kada ka faɗa ɗaya ramin. Akwai masoyan da suka karanta abu biyu, suka koma yi wa kowa gori, suna cewa kowane dainaso gashi gare shi. Wannan ma wuce gona da iri ne. Guntayen sawun fatar Tiranosoras da aka samu ɓawo-ɓawo suke nunawa. Abokanka ta hanyar fim suka shigo, kamar yawancin mutane. Ka nuna musu hoton dutsen 1971 maimakon ka yi musu dariya.

TAMBAYA: Malam, yarana sun tambaye ni ko mutanen farko sun yi zamani da dainaso, kamar yadda suke gani a katun. Na rasa amsa.

AMSA: Hajiya, a gaya musu ba su yi ba. Dainaso, in ban da reshen da masana suka ce shi ya zama tsuntsaye, sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yukatan na Meziko. Mafi tsufan ƙasusuwan mutane irinmu kuwa kimanin shekara 300,000 suke. Su kansu dainaso ba zamani ɗaya suka yi ba: Sitegosoras, mai faifai a gadon baya, ya riga Tiranosoras da kusan shekara miliyan 80, ke nan Tiranosoras ya fi kusa da mu a kan shi. Idan yaran na son dabbar da ta ɓace wadda mutane suka gani da idonsu, a ba su labarin mamot, giwar nan mai gashi. Mutane sun farauce ta, sun zana ta a bangon kogon dutse, kuma ragowarta sun rayu a tsibirin Wrangel da ke arewacin Rasha har zuwa kimanin shekara 4,000 da suka wuce.