Filin Tambaya da Amsa: Gosulo daban, "Go Slow" daban

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗan Rigasa ne a Kaduna, shekara shida ina jan Keke Napep tsakanin tashar jirgi da Bakin Ruwa. Yanzu wani Alhaji ya ce zai ɗauke ni direban gidansa idan na yi lasisin mota. Hannuna ya faɗa a tuƙi, amma bokona a firamare ya tsaya, allo ne na yi nisa. Rubutun Turancin da ke allunan titi shi ke ba ni tsoro, musamman da yake aikin har da kai iyali Zariya da Abuja. Ta ina zan fara, Baba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tabbatar maka da aikin nan, ya sa ka shiga a sa'a. Ka kwantar da hankalinka. Na yi shekaru ina koyar da tuƙi a garin nan, kuma yawancin waɗanda suka bi ta hannuna ba su fi ka boko ba. Turancin titi ba Turancin jarida ba ne. Kalmomi ne ƙalilan da ake ta maimaitawa daga Kawo har Kakuri, kuma rabinsu suna bakinka tun tuni ba ka lura ba.

Kafin rubutu, fara da siffar allon da launinsa, domin su ido ke fara gani tun daga nesa. Zagayayyen allo mai jan baki hani ne: kada ka shiga, kada ka juya, kada ka wuce gudu kaza. Zagayayye mai launin shuɗi umarni ne: bi nan, riƙe wannan hannun. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, wato akwai abu a gabanka. Mai kusurwa huɗu, wanda galibi kore ne ko shuɗi, bayani yake yi, sunan gari ne ko nisa ko asibiti. Guda biyu ne suka fita daban. Allon STOP ja ne mai kusurwa takwas, shi kuma GIVE WAY kusurwa uku ne da aka kifa, tsininsa na kallon ƙasa. Da gangan aka ba su siffar da babu mai irinta, don ko ƙurar hunturu ta rufe rubutun, ko ta baya ka hango allon, ka san ko wane ne. STOP tsayawa ce cak, taya ta daina juyawa, ko da ba ka ga kowa ba. GIVE WAY kuwa rage gudu ne ka bar mai hanya ya wuce, in babu kowa ka ci gaba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai. Mu direbobin Hausa mun ari kalmomin Turanci da yawa: birki, giya, kuloci, ribas, sigina, fakin, obatekin, lasisi. Waɗannan riba ce gare ka, domin ranar da ka ga REVERSE ko OVERTAKING a rubuce, ka karanta a hankali da murya, kunnenka zai gane tsohon sani. Matsalar ita ce wasu kalmomin da suka shigo bakinmu sun sauya ma'ana a hanya, allon kuma da ma'anarsu ta asali yake magana.

Ɗauki gosulo. A wurinmu gosulo cunkoso ne, irin wanda ake yi a gaban Kasuwar Sheikh Gumi da yamma. Amma GO SLOW a allo cewa yake yi tafi a hankali, daidai yake da SLOW DOWN. Na taɓa fita da wani ɗalibina hanyar Zariya, mun wuce Rigachikun, sai ga allon nan a gefen titi. Ya karanta shi daidai, ya leƙa gaba ya ga titi fayau, ya ce mini, "Malam, ai babu gosulo yau," ƙafarsa na kan totur. Gaba kaɗan ma'aikata ne a tsakiyar titi suna cike ramuka. Sai da na daka masa tsawa ya taka birki, muka tsaya dab da gangunan da suka jera. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi, domin yaron nan bai yi ganganci ba, abin da ya sani ya bi.

Haka danja. Mu fitilar kan mahaɗa muke kira danja, har mu ce danja ta tsayar da mu. DANGER a allo kuwa haɗari yake nufi, babu ruwansa da fitila. Fitilar sunanta TRAFFIC LIGHT, kuma launin tsakiyar nan da muke cewa yalo, a littafin dokokin hanya AMBER ake rubutawa. Ka riƙe wannan, ana tambaya a gwajin neman lasisi.

Wanwe ma haka. In muka ce wane ya bi wanwe, muna nufin ya shiga hannun da ba nasa ba, yana fuskantar masu tahowa. Allon ONE WAY ba laifi yake ambata ba, sanar da kai yake yi cewa titin nan gefe ɗaya kowa ke fuskanta, ka bi inda kibiya ta nuna. Wanda ke hana ka shiga shi ne NO ENTRY, jan zagaye da farar sanda a kwance a tsakiya.

Sai fakin. In jami'i ya ɗaga maka hannu ya ce yi fakin, sauka gefe yake nufi. A allo kuwa abin hawa-hawa ne. NO PARKING ya hana ka ajiye mota ka bar ta a wurin. NO STOPPING ya fi tsanani, ko sauke mutum ba a yarda ka tsaya yi ba. Ku 'yan Keke kun saba tsayawa duk inda fasinja ya ce "akwai", to wannan sabon sai ka yaƙe shi tun yanzu, musamman a Ahmadu Bello Way da Ali Akilu inda 'yan Kastiliya, jami'an kula da dokokin hanya na jihar Kaduna, ba sa nisa. Kuma kada ka nemi kalmar kwana a allo, BEND za ka gani, in mai tsanani ce SHARP BEND.

Bayan waɗannan, ƙananan kalmomi shida ne ke riƙe da yawancin alluna. NO, babu ko kada. AHEAD, a gaba. KEEP, riƙe ko tsaya a kan. ONLY, kaɗai. EXCEPT, ban da. END, ƙarshe. In ka haɗa su da LEFT hagu da RIGHT dama, ka karanta abu da yawa: KEEP RIGHT, riƙe dama, NO LEFT TURN, kada ka juya hagu, BUMPS AHEAD, akwai tudun rage gudu a gaba. Ƙara da NARROW BRIDGE, ƙuntatacciyar gada, da MEN AT WORK, ana aiki, da DIVERSION, an karkatar da hanya. Wannan ta ƙarshen duk wanda ya bi Kawo lokacin da ake gina sabuwar gada ya gan ta har ya gaji. A bayan tirela za ka ga LONG VEHICLE, wato doguwa ce, kada ka fara obatekin sai ka ga fili mai yawa. A jikin tanka kuma HIGHLY INFLAMMABLE, abin da ke ciki mai saurin kama wuta ne.

Maganar KEEP RIGHT ta tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda direban babbar mota ne. A hagu suka koyi tuƙi irin na Ingila, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma dama. Ya ce mini da yawansu kalmomin nan biyu su ne Turancin da suka fara haddacewa. Daga wannan canjin hannu ne dokoki biyu suka samo tushe: obatekin ta hagu ake yi, kuma a shataletale, wato ROUNDABOUT, wanda ya riga ka shiga yana tahowa ta hagunka shi ke da hanya.

Lamba a cikin jan zagaye ita ce SPEED LIMIT, iyakar gudu, kilomita a awa ɗaya. Ga motar gida irin ta Alhajinka, doka ta ce 50 a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a ekspires. In allo ya nuna ƙasa da haka, allon za ka bi.

Akwai kalma ɗaya da ba a allo take ba, a takardar tara take: VIOLATION, wato saɓa doka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 'yan Rod Sefti da aka kafa a 1988, da ita suke rubuta laifuffuka da dama. ROUTE VIOLATION shi ne wanwen namu, SEAT BELT kuma bel ɗin kujera. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka san abin da ta ce ba, ka nemi a karanta maka cikin ladabi.

Yadda za ka koya kuwa, ai ka riga ka san hanyar, tunda ɗan allo ne kai. Sayi ƙaramin littafi. Kullum kalma biyar: zana allon, kwafi rubutun Turancin, a ƙarƙashi ka rubuta yadda ake furta shi da ajami, sannan ma'anarsa. Kada ka wanke sai ka haddace, wato kada ka ƙara biyar sai na jiya sun zauna. Ranar da ba ka fita aiki ba, shiga gaban bas daga Kawo zuwa Sitadiyam a matsayin fasinja, ka riƙa karanta kowane allo a zuciyarka kafin motar ta wuce shi. Saurin ganewa ake nema, domin mai gudun 100 yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ka kuma nemi littafin Highway Code, wato na dokokin hanya, ka sa ƙaninka ɗan sakandare ya riƙa yi maka tambayoyi bayan sallar isha'i. Wata ɗaya ya ishe ka in sha Allahu. Ka rubuto mini ranar da lasisin ya fito.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Unguwar Sanusi. 'Yata ta dawo daga makaranta tana cewa a tsallaka titi ta "zebra". Mene ne shi, kuma dole ne mota ta tsaya?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya ta. Zebra jakin dawa ne, an ba wurin sunansa saboda zanen fari da baƙi da ke kwance a titi. Wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa ne, su ne PEDESTRIANS a allo. Doka ta ce direba ya tsaya wa wanda ya riga ya taka zanen, kuma haramun ne yin obatekin ko fakin a kansa. Sai dai direbobinmu da yawa ba sa kiyayewa, abin da ke ci mini rai ƙwarai. Ki koya mata ta tsaya a bakin titi, ta duba hagu, ta duba dama, ta sake duba hagu, kada ta sa ƙafa sai ta ga motar ta tsaya da gaske.